Filin Tambayi Injiniya: Ina Ruwan da Ya Cika Mana Tsakar Gida Yake Tafiya?

Masu karatu, assalamu alaikum. Tun da damina ta ja baya saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk a kan ruwa ne, wanda ya yi yawa ya kayar da katanga da wanda ya ƙi zuwa famfo. Na ɗauko biyar daga ciki. Waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, suna nan a ajiye.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Shekarata 22 a gidan aurena a cikin birnin Kano. Da can ruwa bai taɓa shigo mana ɗaki ba, amma yanzu damina uku a jere sai mun kwana muna kwasar ruwa da bokiti. Abin mamaki, da bazara ta kama sai rijiyarmu ta ƙafe, mu koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ina ruwan da ya cika mana tsakar gida yake tafiya?
Wata uwargida, cikin birnin Kano

AMSA: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da abin da aka rasa. Kafin in ba ki amsa, ki tuna mini abu ɗaya. Lokacin da aka kawo ki gidan nan, babu kududdufi kusa da ku? In akwai, yau me ke tsaye a wurin? Ina kyautata zaton amsarki tana nan.

Ni a bakin kududdufi na tashi. A bayan gidanmu yake, ramin da aka bari bayan an haƙi ƙasar tubali, kamar yadda aka samu yawancin kududdufan birni. Idan aka yi ruwan dare a watan Agusta, da asuba sai ka ji kwatocin unguwa suna zuba a cikinsa kamar ana ɗura tulu. Akwai wani dabino a gefe, da shi mu yara muke gane yawan ruwan da aka yi: yau ya taɓa gindinsa, gobe ya haura kamu ɗaya. Kainuwa ta rufe samansa, agwagi suna ta yawo, kwaɗi ba sa barin kowa barci. Daga nan sai ya riƙa janyewa a hankali har cikin sanyi. Rijiyar gidanmu gaba shida ce, kuma ban taɓa ganin guga ya dawo da laka ba.

Da na koma a 'yan shekarun nan, ban gane wurin ba. An fara da zubar da shara, aka bi da ɓaraguzan gini, aka yanka filaye. Yanzu shaguna ne a jere da gidan bene. Rijiyar tamu an rufe bakinta da katako, ta daɗe da ƙafewa.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi ya kai murabba'in mita 232. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. To in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 11,600 ke nan ta sauka a gidan. Jarka 464 irin mai cin lita 25 da ake turowa a kura. Gida ɗaya, dare ɗaya. A da, tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, wani kaso ya nutse nan take, sauran ya gangara kududdufi ya zauna. Yanzu sama kwano ne, ƙasa siminti ne ko intalok, lungu ma an shafe shi. Duk jarkokin nan sai su fito titi a lokaci guda, su haɗu da na maƙwabta, su tarar da lambatu cike da leda da yashi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Inda ya saba kwanciya can zai nufa, in ya tarar an yi gini sai ya shiga gidan da ya fi kwari. Bayan awa biyu ko uku ya bi ta rafin Jakara ya bar gari, ƙasa ba ta sha komai ba.

Wannan magana tana da hujja a wurin masana. A 2019 wasu masu bincike na Afirka da Turai, ƙarƙashin jagorancin Mark Cuthbert, sun buga sakamakon nazarin da suka yi a mujallar Nature. Sun duba bayanan zurfin ruwan rijiyoyi na shekaru masu yawa a ƙasashe tara na Afirka, har da Nijar. Suka ga cewa a wurare masu ƙarancin ruwan sama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi samun ƙari ne ta inda ruwa yake taruwa ya kwanta bayan an yi mamako, wato tafkuna da ƙoramu. A kewayen Yamai ma an daɗe da lura cewa ruwan rijiyoyi ya riƙa hawa har a shekarun da ake fama da fari, saboda tafkunan da ke tara ruwan da ya gangaro suna shayar da ƙasa. Kano kuma a kan dutse take zaune. Ruwanmu na ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Randa ce ƙarama, sai an cika ta duk damina. Kududdufi shi ne bakin randar.

Ƙasar Sin ta zaɓi birane 30 a 2015 da 2016 don gwada tsarin da suke kira birnin soso, wato gari mai tsotse ruwa kamar soso. Suna kashe maƙudan kuɗi suna haƙa tafkuna a tsakiyar gari, suna shimfiɗa daɓen da ruwa ke ratsawa. Abin da suke haƙawa da kuɗi, mu gadonsa muka yi, muke cike shi da shara. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ba zan ɓoye aibin kududdufi ba. Yana tara sauro, yana kawo tsargiya, kuma na san gidajen da suka rasa yara a cikinsa. Maganin haka a kewaye shi, a hana zuba ƙazanta, a yi masa mafita idan ya cika. Kuma ko soson yana da iyakarsa: birnin Zhengzhou yana cikin masu wannan aiki, amma ranar 20 ga Yuli 2021 ruwa milimita 201.9 ya sauka a cikin awa ɗaya, ya ci rayuka da yawa. Don haka manyan magudanai ma dole ne.

Abin da ke hannunki, Hajiya: ki roƙi maigida kada a shafe tsakar gida duka, a bar ko kusurwa ɗaya da ƙasa da bishiya. A sa indararo a bakin kwano ya zuba a tanki, a bar ruwan farko ya wanke rufin kafin a fara tara. In da fili, a haƙa rami a cika shi da tsakuwa don rarar ruwan rufi, nesa da gindin katanga da masai. In kuma da sauran kududdufi a unguwarku, ku mata ku matsa wa maza da mai unguwa su tsaya a kansa kafin a kai masa tifa.

TAMBAYA: Malam, mu ambaliyar Satumba 2024 ta tasa daga Gwange. Ina aji uku a jami'a, ina karanta injiniyanci. A aji ana yawan maganar juriyar gine-ginen ruwa. Me ake nufi da ita a aikace? In an sake gina dam ɗin Alau da ƙarfi, shi ke nan mun tsira?
Wani ɗalibi, Maiduguri

AMSA: Ɗana, ina yi muku jaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Abin da ka gani da idonka a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba ya fi duk abin da zan rubuta maka, don haka ka riƙe shi, zai yi maka amfani a aikinka.

A 1982 masana uku, Hashimoto da Stedinger da Loucks, sun kawo hanyar auna tsarin ruwa da har yau ake koyarwa. Tambayoyi uku ne. Sau nawa tsarin yake gazawa? In ya gaza, tsawon wane lokaci yake ɗauka kafin ya dawo daidai? Kuma in ya gaza ɗin, yaya girman ɓarnar? Yawancinmu tambaya ta farko kaɗai muke yi, sai mu ce a ƙara kaurin bango. Juriya tana cikin ta biyu da ta uku. Injiniyan kirki yana zana aikinsa ne da sanin cewa wata rana ruwa zai fi ƙarfinsa, sai ya tambayi kansa me zai faru a ranar.

Ɗora wannan a kan Alau. An kammala shi a 1986 a kan kogin Ngadda, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. A 1994 Maiduguri ta sha ambaliya daga wannan kogin, shekara 30 bayan haka aka sake, ruwa ya shiga fadar Shehu da kasuwar Monday Market da asibitin koyarwa. Ga abin da mutane da yawa a wajen Borno ba su lura da shi ba: daga Alau ɗin matatar ruwan Maiduguri take samun ruwa. Ginin da ya saki ruwa ya ci gari, shi ne kuma ke shayar da garin. Da ya ɓalle, sai ga mutane tsamo-tsamo cikin ruwa suna neman na sha, masai sun haɗe da rijiyoyi, a watan Oktoba aka sanar da ɓarkewar kwalara. Ƙwai duka a kwando ɗaya aka zuba. Garin da ke da juriya yana da hanyar ruwa fiye da ɗaya, kuma rijiyoyinsa na ko-ta-kwana suna kan tudu, da wutarsu ta hasken rana, bakinsu a ɗage yadda ambaliya ba za ta shiga ba. Ku kun yi sa'a ta wannan fuska, domin ƙarƙashin Maiduguri akwai shimfiɗu uku na ruwa a cikin yashin kwarin Chadi, abin da Kano ba ta da shi.

Sai maganar da za ka riƙa ji a aji, ambaliyar shekara ɗari. Mutane suna ɗauka in ta zo bana sai jikoki. A'a. Ma'anarta ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. In ka zauna a gida shekara 30, yiwuwar ka gan ta ta kai kashi 26 cikin 100. Kuma wannan lissafin da tsofaffin bayanan ruwan sama aka yi shi. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Dam ɗin da aka zana a farkon shekarun 1980, lokacin da ake tsakiyar fari, an ɗinka masa riga ne daidai da daminar wancan zamani. Ga yashi da laka da ke taruwa a cikinsa duk shekara suna rage masa ciki.

To, sake gini da ƙarfi wajibi ne, amma ga abin da zan so ka riƙa tambaya har ka gaji da kanka. An faɗaɗa mafitar rarar ruwa daidai da ruwan yanzu? Wa ke karanta ma'aunin ruwa kullum, kuma in ya kai jan layi wa zai kira, da wace waya, da ƙarfe biyun dare? Awa nawa ruwa ke ɗauka daga dam zuwa Gwange, kuma mutanen Gwange sun san tudun da za su nufa? Akwai kuɗin duba bangon duk shekara, ko sai ya tsage? Mu a Kano mun ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988. Hukumar kula da harkokin ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar hasashen yanayi, NiMet, ma tana fitar da na damina. Tazarar da ke tsakanin takardar hasashe da kunnen mai unguwa, nan ne ake asarar rayuka, kuma nan ne nake fatan irinku za su yi aiki.

TAMBAYA: Injiniya, famfonmu sau biyu yake kawo ruwa a sati. Duk ranar da ya zo, na farkon ja ne, wani lokaci har da wari. Daga matata ne ba sa tacewa?
Wani magidanci, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Malam, sau da yawa ruwan yana barin matata da tsabtarsa, a hanya yake ɓaci. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana yana tura ruwa waje ta duk inda ya tsage, don haka ƙazanta ba ta samun shiga. Da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta koma ƙofa. Ka fita ka duba layinku, ina da yaƙinin za ka ga ƙananan bututan gidaje kwance a cikin kwata, an ɗaure wani wurin da robar taya. Kwana uku suna tsotsar abin da ke cikin kwatar, ranar da aka sako ruwa sai ya kwaso shi ya kawo maka. Masu jona injin ja kai tsaye a bututu suna ƙara ta'azzara abin.

An gwada wannan a Hubli-Dharwad ta ƙasar Indiya, inda aka mayar da wasu unguwanni kan ruwan awa 24, sauran suka ci gaba da karɓa lokaci-lokaci. Emily Kumpel da Kara Nelson sun auna ruwan ɓangarorin biyu, suka samu ƙwayoyin cuta sun fi yawa nesa ba kusa ba a famfunan da ake ɗaukewa, musamman a ruwan farko da kuma lokacin damina.

Kada ka ce gyaran sai ƙasashe masu arziki. A 1993 hukumar ruwan Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, wadda ta fito daga yaƙi, tana asarar kashi 72 cikin 100 na ruwan da take tacewa, ta yoyo da sata da rashin biya. Shugabanta Ek Sonn Chan ya sa mita a kowane gida, ya canza tsofaffin bututai, ya kafa masu gyaran yoyo dare da rana, ya sa manya ma suka biya. Cikin shekara 15 asarar ta sauko kusan kashi 6. Mu mun fi son buɗe sabuwar matata da almakashi da kyamara, alhali toshe yoyo ya fi arha.

Kafin nan, ka bar ruwan farko ya zuba har ya washe, ka yi ban ruwan shuka da shi. Ka ɗage bututunka daga cikin kwata. Na sha kuma a tafasa ko a sa masa kulorin, domin alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta.

TAMBAYA: Maƙwabcina ya haƙa burtsatse yana sayar da ruwa, wata biyu rijiyata ta ƙafe. Akwai alaƙa?
Wani mai karatu, Gusau

AMSA: Zai iya yiwuwa ƙwarai, Malam. Injin da ke ja duk yini yana saukar da ruwan ƙasa a kewayensa kamar mazurari, rijiya mara zurfi ita ke fara jin jiki. Ka gwada: ku yi magana ta fahimta ya kashe injin kwana biyu, ka auna rijiyarka da igiya safe da yamma. In ruwa ya hau, ka samu amsa, sai ku zauna da dattawan unguwa a tsara awannin ja, ko ya ja maka layi ɗaya. Haƙƙin maƙwabtaka ya kai nan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne. Ina jin ana ta bincike a jami'o'i, amma ban ga ya iso unguwarmu ba. Mu da ba mu da digiri a wannan fanni, akwai abin da za mu iya?
Wani malami, Damagaram

AMSA: Malam, akwai, kuma ya fi yadda kake zato. Ƙorafinka gaskiya ne. Na taɓa shiga wani ɗakin karatu na ga kundayen ɗalibai a kan ruwa jibge har rufi, ƙura ta rufe su, ba wanda ya taɓa kai ko ɗaya ga masu yanke shawara. Amma mu masu binciken ma muna da namu kukan: babu bayanai. Muna da cibiyoyi, ga cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET a Yamai tun 1974, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, sai dai gari guda sau da yawa ma'aunin ruwan samansa ɗaya ne, a filin jirgi. Kai kuwa ka san ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a wata unguwa, wata ko yayyafi ba a yi ba.

Lokacin da Cape Town ta Afirka ta Kudu ta kusa rufe famfuna a 2018 saboda fari, abin da ya taimake ta shi ne kowa ya san adadi. Duk mako ana sanar da yawan ruwan da ya rage a madatsu da wanda gari ya sha, aka ƙayyade lita 50 ga kowane mutum a rana, shan ruwan garin ya ragu da fiye da rabi. Mutane sun yarda sun matse ne don suna ganin lissafin da idonsu.

Damagaram ma a kan dutse take kamar Kano, kuma kun fi kowa sanin tsadar ruwa. Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. Ka kafa shi a kan turke a filin makaranta, nesa da bishiya da rufi. Duk safiya ƙarfe 7 yaro ɗaya ya tsoma rula, ya rubuta milimita nawa a littafi, ya zubar. Duk Juma'a a zura igiya mai ƙulli a rijiya mafi kusa, a rubuta zurfin da aka tarar da ruwa. Ranar da aka yi ambaliya, a ja layi da fenti a jikin katangar makaranta daidai inda ruwa ya tsaya, a rubuta kwanan wata a gefe. In damina ta ƙare, ka ɗauki hoton shafukan ka aiko wa wannan fili, ni zan haɗa ka da malaman jami'ar da ke neman irinsu.